Zoben Mahaifiyarsa a Gaban Kyamara

Ku da kuke cika min waya da saƙo, "Anti don Allah ya ake shiga fim?", "Anti ki haɗa ni da darakta", ku matso kusa. Yau ba lambar kowa zan ba ku ba. Labari zan ba ku, kowacce ta tsinci abin da za ta tsinta. Kuma don Allah kar wadda ta rubuto min "ki yi haƙuri". Na ji kalmar nan har ta daina shiga kunnena.

Ga sababbin zuwa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake ce min, har mai shagon bakin layi. Babanmu ya rasu, Yaya ne ya zama uba, shi da Umma suke juya gidan. Na daɗe ina fim, in dai abin da nake yi sunansa fim. Ni ce wadda take wucewa da tire a bayan jaruma. Ni ce nas ɗin da take leƙowa ta ce "Likita yana zuwa" ta ɓace. Akwai fim ɗin da kafaɗata ce kawai ta fito, Umma ta tsayar da shi ta ce wallahi ko a kasuwa ta ga kafaɗar nan ta san tata ce.

Abin da ya hana ni zuciya in bari, mace ɗaya ce. Uwar Kowa ake kiran ta a wurin aiki, don babu jarumin da ba ta fito a uwarsa ba, har waɗanda suka girme ta. Ni Inna nake ce mata. Tun ranar da ta gan ni a rakuɓe ina cin biredi a bayan janareta ta jawo ni jikinta.

"'Yar nan, ki riga mai fitila zuwa," haka take ce min. "Ki gaishe shi kuma, shi ne mai fuskarki, ba darakta ba. Ki haddace maganar abokin wasanki kamar taki, don wasa sauraro ne, ba jiran a zo kanki ba. In kin je gwaji an ƙi ki, ki koma gida ki ci abinci. Sau da yawa ba ke aka ƙi ba, tsayinki ne ya fi na jarumin."

Da irin maganganun nan na yi ta jan ƙafa har Malam ya shigo rayuwata.

Malamin lissafi ne a wata sakandare. Dogo, mai sanyin magana, kullum akwai farin alli a gefen hannun rigarsa, ko ya canza riga sai ka gan shi, ban san ta ina yake bi ba. Bai iya kalaman soyayya ba ko kaɗan. Saƙonsa na farko gare ni shi ne: "Kin isa gida lafiya? Ki amsa da eh ko a'a." Na yi dariya har Umma ta leƙo ɗaki. Amma shi kaɗai ne a cikin duk waɗanda suka zo wurina bai taɓa tambayar yaushe zan daina fim ba. Tauraruwa yake ce min, ni da ba a fi ganin kafaɗata ba.

Ranar da ya kawo min zoben baiko, a falo muke zaune, fanka tana ƙara kamar za ta faɗo. Ya zaro wani farin hankici daga aljihu, ya warware shi a hankali a kan gwiwarsa. Zoben azurfa ne, tsoho, da koren dutse mai 'yar tsaga a gefe.

"Na mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta," ya ce. "Yayata ce take ajiye da shi. Ita ta raine ni, kin sani. Sai da na yi ta zarya kafin ta ba ni."

"In ya yi min yawa fa?"

"Ba zai yi ba. Na auna da ido."

Bai yi ba kuwa. Ya zauna a yatsana kamar don ni aka ƙera shi. Umma ta juya shi a haske ta yi ta sa albarka. Yaya ya kalle shi sau ɗaya ya ce, "To madalla. Sai ki fara sallama da 'yan wasan kwaikwayonki." Tun daga ranar ban ƙara cire zoben ba, da shi nake wanka, da shi nake wanki, har na daina jin yana hannuna.

Ba a jima ba aka kira ni. Wani darakta da Inna ta yi wa maganata har ya gaji ya ce zai gwada ni. Matar direban babbar mota zan fito, wadda mijinta yake tafiya ya daɗe bai waiwayo gida ba. Ba jaruma ba ce, amma tana da magana, tana da ɗaki nata, tana da kuka nata. 'Yan uwa, ranar na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai da tawul a kaina.

Malam ne ya taya ni hadda. Yana ɗaukar muryarsa a waya tsakanin darasi da darasi, yana karanta maganar mijin kamar mai kiran sunayen ɗalibai: "Ki yi haƙuri. Hanya ce. Ba ni ba ne." Ni kuma in mayar masa da tawa. Wani lokacin ana jin ƙararrawar makaranta a bayansa.

Wani gida aka karɓa haya don ɗaukar fim ɗin, mai ɗan kicin da teburin katako da labule ruwan ƙasa. Ranar farko na riga mai fitila zuwa, na gaishe shi har da rusunawa. Aka ba ni wata doguwar riga shuɗiya da ta sha wanki, da ɗankwalin da ya koɗe. Na cire ɗan kunnena, na cire agogo, na goge jan baki, na zuba komai a jaka. Komai na tuna, ban da abu ɗaya.

Fitowar farko, in zuba shayi ne in miƙa wa mijin. Muka yi. Darakta ya sa aka matso da kyamara kan hannuna yana riƙe da kofi, aka ɗauka kusa sosai.

"Wa ya zaɓo zoben nan?" ya tambaya yana kallon allonsa. "Ya zauna. Mace talaka mai abu ɗaya mai daraja. Ya yi!"

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, har na sunne kai. Sai da aka tashi cin abinci Ido ta tare ni. Ido wata siririya ce da aikinta kenan lura: ita take ɗaukar hoton kowa a waya bayan kowace fitowa, ta san ta wane gefe ka ɗaura ɗankwali, ta san iya inda shayi ya tsaya a kofi. Don fim ba a jere ake ɗaukar sa ba. Yau a ɗauki shigarka ɗaki, sai wani satin a ɗauki zamanka a kujera, kuma dole mai kallo ya ga kamar numfashi ɗaya ne.

"Zoben nan naki ne ko na kaya?" ta ce.

"Nawa ne."

Ta ja tsaki a hankali. "To kin aure shi har a gama. Duk fitowarki sai da shi, a yatsan nan, dutsen yana kallon sama. Kar ki yar, kar ki ba da aro."

Na ce mata ai ko ba ta faɗa ba, ba abin da zai raba ni da shi.

Aiki ya yi ta tafiya lafiya, har aka kusa gamawa. Sai mai ɗaukar hoto na kamfanin ya zuba hotunan aiki a shafinsu don talla. A ciki akwai na hannuna, ina miƙa wa jarumin da ya fito a mijina kofi, shi kuma yana kallona da irin kallon da aka biya shi ya yi. A ƙasa suka rubuta: "Direba da matarsa." Koren dutsen nan yana ta ƙyalli kamar shi ne jarumin.

Ina cikin motar haya saƙon ya shigo, daga lambar yayar Malam, wadda tun da muka gaisa sau ɗaya ba ta ƙara nemana ba.

"Zoben uwarmu ne wannan?"

Kafin in taɓa waya wani ya shigo.

"Da shi ta rasu a hannunta. Ni na cire mata. Shi ne kika kai shi wasa kina matar wani?"

Na rubuta, na goge, na rubuta, na goge. Me zan ce? In ce mantawa na yi? Na kira, ta kashe.

Da na isa gida na tarar labari ya riga ni. Yaya yana tsaye a tsakiyar falo ko takalmin aiki bai cire ba. Umma tana zaune a bakin kujera da kwandon wanki a gabanta, tana ninke riga ɗaya tana warwarewa.

"Matar nan ta kira ni," Yaya ya ce. "Ta ce gobe da yamma za ta zo da kanta, kuma kafin ta zo a tabbata zoben ya koma hannun ƙaninta. Auta, wane irin abin kunya ne wannan?"

"Yaya, ba da gangan ba ne. Saura gobe kawai a gama. In na cire yanzu duk abin da aka ɗauka ya lalace."

"Ya lalace mana! Ke aurenki ne yake lalacewa kina min maganar fim?"

Na juya wurin Umma, don ita ce take tare min faɗa tun ina ƙarama. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Auta, in da zobena ne, na mutu, aka yi haka da shi, ke ma ba za ki so ba." Wannan ta fi ta Yaya zafi, don gaskiya ce.

Malam bai kira ba. Saƙo ya turo, gajere kamar kullum, sai dai babu Tauraruwa a ciki.

"Na san ba ki yi don cin fuska ba. Amma tana kuka tun rana, ban taɓa ganin ta haka ba. Zan zo wurin aikinku gobe bayan darasi in karɓa. Sauran magana sai hankali ya kwanta."

Na amsa da "To." Shi ne saƙo mafi tsawo da na taɓa rubutawa, in aka haɗa da abin da na goge.

Washegari na sami darakta yana shan shayi a tsaye, na faɗa masa komai. Bai ma bari na kai ƙarshe ba.

"Ƙanwata, yau za mu mayar da makullin gidan nan. Fitowarki ta yau ita ce tsakiyar labarinki, kuma akwai waɗanda suke bayanta da muka riga muka ɗauka. Ko dai zoben ya tsaya har mu tashi, ko in yanke matar direba gaba ɗaya. Fim ɗin zai tafi ba ita, ba zan ɓoye miki ba."

Ido ta je ta zaga shagunan kasuwa, ta dawo ta ce babu mai kama da shi, kuma an ɗauke shi kusa, har tsagar ana gani.

Na shige ɗakin kwalliya na zauna a ƙasa, bayan akwatunan kaya. A nan Inna ta same ni. Ta zauna a kan wani akwati da ƙyar, tana dafe da gwiwa, ta bar ni na yi mai isata.

"Kin gama?" ta ce. "To goge hancinki ki ji. Laifina ne da ban faɗa miki ba tun farko, na ɗauka kowa ya sani. Duk abin da kika shiga da shi gaban kyamara ya tashi daga naki, ya zama na fim. Shi ya sa kike ganin har takalmi nake canzawa. Abin gida a bar shi a jaka."

"Inna, in bari ne? In ba shi abinsa in tafi gida?"

"Ni ba zan ce miki bari ba, ba zan ce miki yi ba. Ƙarya zan yi in na ce aikin nan bai ci min komai ba, ya ci. Amma kina da abin nan, 'yar nan. Na ga masu kyau, na ga masu baki, kaɗan na gani masu sauraro irinki. In za ki bari, ki bari don kin zaɓa, ba don kin ji kunya ba." Ta miƙe tana cije leɓe. "Tashi. Bari in ga yaron nan."

Ta je ta ja darakta da Ido gefe. Ina hango ta tana nuna allon da yatsa. Ashe ta lura da abin da su ba su lura ba: a duk fitowar da take bayan ta yau, hannuna yana cikin mayafi ko ƙarƙashin tebur. Ta ce to me zai hana matar direba ta cire zoben a wannan fitowar, ta ajiye wa mijin a kan tebur? Labari ya ƙara ƙarfi, yarinya ta mayar wa mutane kayansu da wuri. Darakta ya tafa hannu ya ce ai wannan ya fi abin da aka rubuta.

Kafin a fara, Inna ta gyara min ɗankwali ta ce a kunnena, "Kar ki nemi kuka. Ki yi ƙoƙarin hana shi. Mai kallo ba ya tausayin mai kuka kamar yadda yake tausayin mai dannewa."

Aka kunna fitilu. Jarumin ya faɗi maganarsa: "Ki yi haƙuri. Hanya ce. Ba ni ba ne." Ni kuwa ba muryarsa nake ji ba. Na kama zoben na murza, ya ɗan tsaya a gaɓa, ya fita. Wurin ya yi fari, siriri. Na ajiye shi a kan katako, ya yi 'yar ƙara. Na danne iya dannewa, amma abin ya fi ƙarfina.

"Kat!" darakta ya ce, aka tsayar da kyamara.

Sai ɗakin ya ɗauki tafi. Mai fitila yana goge ido da gefen riga. Darakta ya ce, "Wannan ita ce! Maza a juya kyamara, mu ɗauka ta gefen mijin."

Ku da kuke son shiga fim, ga abin da ba a faɗa muku. Ba sau ɗaya ake yi ba. Ido ta ɗauko zoben ta mayar min a yatsa, dutsen yana kallon sama. Mai kwalliya ta busar min da fuska ta shafa hoda. Na sake cirewa, na sake kuka. Babur ya wuce a waje ya ɓata sauti, aka sake. Aka ɗauka daga nesa, aka sake. Kowane karo hawayen suna zuwa, kuma kowane karo da an ce kat sai in tsaya cak a gyara min fuska, don haka aikin yake.

A wani karon ne na ɗaga ido na hango shi. Yana tsaye a bakin ƙofa, bayan fitilu, da jakar littattafansa a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Da darakta ya ce an gama, na ɗauki zoben na fita da rigar matar direba a jikina. Yana jingine da babur ɗinsa a gindin katanga. Ya shimfiɗa farin hankicin nan a tafin hannunsa, na ɗora masa. Bai naɗe ba.

"Kin iya," ya ce. "Wallahi kin iya. Ban taɓa sanin haka kika iya ba."

"Malam..."

"Na farkon da na gani, na kusa shigowa in ce a bari, ki riƙe, ni zan ji da yayata. Sai na ga an shafa miki hoda kin sake. Iri ɗaya. Har inda muryarki take karyewa, wuri ɗaya ne." Ya kalle ni, idonsa ya yi ja. "Ba faɗa nake yi ba, Auta. So nake in sani. A cikinsu wanne ne nawa?"

Duka ne. Wallahi duka nasa ne. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji takun gudu a bayana.

"Auta! Auta!" Ido ce, tana haki. "Darakta ya ce na kusa bai fito ba, hannun ya fita daga haske. Hannu kawai za a ɗauka, ki cire ki ajiye, shi kenan. In babu shi fitowar ba za ta haɗu ba. Ina zoben?"

Malam bai rufe hannunsa ba, bai kuma miƙo ba. Ya bar shi a buɗe a tsakaninmu, yana kallona. Daga ciki ina jin darakta yana ihun cewa rana tana tafiya.

Na ɗauka.

Ban kalli fuskarsa ba, na ce, "Yanzu zan dawo," na bi Ido da sauri. Wannan karon ba a buƙatar fuskata, don haka ba wanda ya damu da abin da take yi. Hannuna ya cire zoben, ya ajiye, ko rawa bai yi ba. Darakta ya ce ya yi daidai, ya ce in kira shi a satin nan, akwai wani babban aiki.

Na fito da gudu, zoben a dunƙule a hannuna. Babu babur a gindin katanga, sai sawun taya. Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na rubuta masa, "Duka naka ne." Ya buɗe, bai amsa ba.

Ina tsaye a wurin wayar ta yi ƙara, na ɗaga ko suna ban duba ba. Muryar Umma ce, ƙasa-ƙasa, kamar daga kicin take magana.

"Auta, matar nan ta iso, tana falo da Yayanki. Na ce mata kin mayar tun rana." Ta ƙara rage murya. "Kin mayar ai, ko?"